2.3 Shaidar Tone-Tone a Kan Rayuwar Birni Wajen Tamilawan Dauri: Misalin Kiladi

Wannan sashe zai dubi abubuwan da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa domin a gane ko Tamilawan kudancin Indiya sun san zaman birni tun zamanin dā. Tsofaffin waƙoƙinsu, waɗanda ake kira adabin Sangam, sun yi bayanin birane irin su Madurai da kasuwanninsu, amma waƙa kaɗai ba ta isa hujja ga masanin tarihi.

Kiladi ƙauye ne a gundumar Sivaganga ta jihar Tamil Nadu, kusa da Madurai, a kwarin kogin Vaigai. Hukumar Binciken Kayan Tarihi ta Indiya ta fara haƙa a wurin a 2015 ƙarƙashin jagorancin Amarnath Ramakrishna, daga baya sashen kayan tarihi na jihar ya karɓi aikin. Abubuwan da aka samu sun kasu kashi uku. Na farko, gine-ginen tubalin da aka gasa da magudanan ruwa da rijiyoyin da aka jera wa zobban yumɓu. Na biyu, kayan sana'a kamar gululun mazari da duwatsun ado da kayan zinariya. Na uku, katangar tukwane masu rubutun Tamil-Brahmi, wasu ɗauke da sunayen mutane. Irin wannan magudanar ruwa tana nuna jama'a mai yawa da ke zaune wuri guda bisa tsari, rubuta suna a jikin tukunya kuwa alama ce ta cewa rubutu bai tsaya ga fada ba.

A 2019 gwamnatin jihar ta bayyana cewa gwajin da aka yi wa gawayi a Amurka ya kai shekarun wurin ƙarni na 6 kafin Miladiyya. Idan haka ne, rayuwar birni a kwarin Vaigai ta yi zamani da biranen kwarin Ganga na arewa. Sai dai masana sun sha bamban, domin gawayin aka auna, kuma dole a tabbatar cewa daga shimfiɗar ƙasa ɗaya ya fito da katangar masu rubutu. A 2025 hukumar tarayya ta nemi Ramakrishna ya sake duba rahotonsa, lamarin da ya jawo muhawara mai zafi.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa samuwar zama irin na birni a Kiladi tana da hujja mai ƙarfi. Saɓanin yana kan shekarunsa ne.