Samamen Asuba: Ko Hukuma Ce, Ta Yi Sallama

A damunar shekarar 2021, makonni kaɗan bayan 'yan bindiga sun afka wa makarantar sakandaren Bethel Baptist da ke Damishi a Ƙaramar Hukumar Chikun, inda suka yi awon gaba da ɗalibai 121 a daren 5 ga watan Yuli, mu mazauna ƙetaren kogin Kaduna ba mai runtsawa sai wanda barci ɓarawo ya sace. Daga Sabon Tasha zuwa Gonin Gora, daga Narayi zuwa Kakuri, kowace unguwa ta kafa 'yan sintirinta. A layinmu an raba wa kowane magidanci usur, aka yi alkawarin duk wanda ya ji motsin da bai yarda da shi ba ya busa, kowa ya fito da abin da ke hannunsa.

Wata rana da misalin ƙarfe huɗu na asuba sai na ji ana dukan ƙyauren maƙwabcina da ƙarfe. Dattijo ne, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri. Na leƙa ta taga na hangi mutane riƙe da bindigogi, babu kaki a jikin yawancinsu, biyu sun riga sun haura katanga. Wani ya busa usur, kafin ka ce kwabo matasa sun cika bakin layi da gorori da adduna. Sai a lokacin ɗaya daga cikin baƙin ya ɗaga murya ya ce su jami'an tsaro ne, ya yi harbi sama. Da muka samu shiga bayan ƙura ta lafa, dattijon na tsaye a tsakar gida jikinsa na rawa. Na ce, "Baba, don Allah ajiye addar nan." Ya dube ni ya ce, "Malam, da wanda ya fara shigowa bai yi magana ba, da yanzu ko dai ana wankan gawata, ko kuwa ana cewa na sari ɗan hukuma." Wanda ake nema ɗan haya ne da ya tashi daga gidan watanni da dama kafin ranar.

Mai karatu, babu wanda ya mutu a wannan dare, shi ya sa babu jaridar da ta ɗauki labarin. Amma tun daga ranar tambayar nan take cin raina: a garin da masu garkuwa da mutane ke zuwa cikin dare, su haura katanga, su ɓalle ƙofa, wani lokaci ma sanye da kakin jami'an tsaro, ta yaya magidanci zai bambance hukuma da ɗan ta'adda idan su biyun sun zo masa da salo iri ɗaya?

Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. A Amurka akwai takardar da alƙali kan sa wa hannu, wadda ke bai wa 'yan sanda damar kutsawa gida ba tare da ƙwanƙwasa ƙofa ko bayyana kansu ba. A ranar 13 ga Maris, 2020, bayan tsakar dare, 'yan sanda a birnin Louisville suka ɓalle ƙofar wata ma'aikaciyar lafiya mai shekara 26, Breonna Taylor, suna binciken miyagun ƙwayoyi. Su sun ce sun sanar da kansu, saurayinta kuwa ya ce bai ji ba, ya ɗauka 'yan fashi ne, ya yi harbi ɗaya da ya samu wani jami'i a ƙafa. 'Yan sandan suka mayar da martani da harsashi 32, ita kuma ta rasa ranta, ba a kuma samu ƙwaya a gidan ba. Birnin ya biya iyalanta diyyar Dala miliyan 12, ya haramta irin wannan takarda. Haka nan a ranar 2 ga Fabrairu, 2022, a birnin Minneapolis, aka harbe Amir Locke, matashi ɗan shekara 22, cikin 'yan daƙiƙu da buɗe ƙofa, yana kwance a kujera cikin bargo da bindigarsa a hannu, alhali sunansa ba ya cikin takardar da aka zo da ita.

Abin lura shi ne, a can ana jayayya ne a kan takardar da doka ta halatta. Mu a nan dokarmu ta riga ta raba gardama, aiki da ita ne ya gagara. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da hurumin gidan ɗan ƙasa. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Jihar Kaduna ta yi irin tata a 2017, ta yarda jami'i ya ɓalle ƙofa ko taga don kama wanda ake zargi, amma sai bayan ya bayyana ko shi wane ne da abin da ya kawo shi, ya nemi a buɗe masa an ƙi. Ta ce a yi binciken gida a gaban shaidu biyu, sai dai in kotu ta ba da wani umarni daban. Ta ce idan akwai matar da bisa al'ada ko addini ba ta fita bainar jama'a, a sanar da ita, a ba ta damar kaucewa kafin a shiga. Ta kuma haramta kama wani a madadin wani, abin da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta sake nanatawa. A taƙaice, dokar ta san zaure, ta san “ba shiga”, ta san sallama, kamar dai yadda iyayenmu suka koya mana.

Sai dai akwai ɓaraka a cikinta. Tsohuwar dokar da ta yi aiki a kudancin ƙasar nan ta ƙayyade cewa a aiwatar da takardar bincike tsakanin ƙarfe biyar na asuba da takwas na dare, sai in alƙali ya ba da izini na musamman. Dokar 2015 ta ɗage wannan shinge, ta ce kowace rana, kowane lokaci. Ba a daɗe ba manya suka ɗanɗani kuɗarsu. A watan Oktoban 2016 jami'an tsaro na farin kaya suka dira gidajen wasu alƙalai cikin dare, har da na Kotun Ƙoli. A watan Oktoban 2021 kuma aka yi wa gidan Mai Shari'a Mary Odili ƙawanya a Abuja da takardar binciken da majistaren da ya sa mata hannu ya soke daga baya. Ƙasa ta ɗauki ɗumi, lauyoyi suka yi ca. To idan gemun alƙali ya kama da wuta, ina ga na tsohon masaƙi a ƙetaren gada, wanda ba shi da lauya, ba shi da ɗan jarida?

Adalci ne a saurari ɓangaren jami'an. Na zauna da wasu daga cikinsu, hujjarsu kuwa ba ta yarwa ba ce. Sun ce da asuba ne ake samun mai laifi a gida. Sun ce in ka tsaya sallama a ƙofar mai garkuwa da mutane, ka ba shi lokacin ɗana bindiga, ko tsere ta bayan gida, ko halaka wanda yake tsare da shi. Sun ce sau da yawa sanar da mutanen unguwa tamkar sanar da wanda ake nema ne. Su ma 'ya'yan wasu ne, suna da mata da yara a bariki, kuma mun sha ganin an yi jana'izarsu. Na yarda da duk wannan. Amma hujjar ta dace ne da maɓoyar 'yan bindiga wadda aka yi kwanaki ana sa wa ido. Ba ta dace da rikicin bashi, ko satar waya, ko ƙarar da wani mai hali ya kai don ya wulaƙanta abokin hamayyarsa ba. Bugu da ƙari, a unguwar da kowa ke kwana da adda a ƙarƙashin gado, shigar ba-zata ta fi jefa ran jami'in kansa cikin haɗari. A daren da na ba da labari, da yatsa ɗaya ya zame a kan kunamar bindiga, da gari ya waye da gawarwaki, kuma duk wanda ya san Kaduna tun rikicin 2000 da na 2002 ya san yadda jita-jita ke tsallaka gada kafin gaskiya ta ɗaura takalmi.

Gyara ba gagara-badau ba ne. Bayan zanga-zangar matasa, Sufeto-Janar Mohammed Adamu ya rushe rundunar SARS a ranar 11 ga Oktoba, 2020. Bayan kama ɗalibai 69 na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife cikin dare a farkon Nuwamban 2023, shugaban Hukumar EFCC, Ola Olukoyede, ya ba da umarnin daina samamen dare. Amma umarnin shugaba yakan bi shi in ya tafi, doka ce ke zama.

Saboda haka ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kaduna da takwarorinta na tarayya da su mayar da shingen lokaci: kada a shiga gidan kowa tsakanin dare da fitowar alfijir sai alƙali ya rubuta dalili a jikin takardar. Duk tawagar da za ta fita ta kasance da jami'ai cikin kaki da mota mai alama, kuma babban jami'i ya tabbatar da adireshin kafin a tashi. In an tsare gidan, a kira mai unguwa ko wani dattijo ya shaida binciken, tunda a lokacin babu sauran fargabar tsegumi. A rubuta rahoton kowane harsashi da aka harba, wata hukuma daban ta duba shi. In an yi kuskuren gida, a biya ƙofa, a ba da haƙuri a gaban maƙwabtan da aka kunyata mutum a idonsu.

Maƙwabcina da kuɗin aljihunsa ya gyara ƙyaurensa, har yau kuwa ba wanda ya dawo ya ce masa sannu. Addar tana nan a bayan ƙofa. Allah Ya tsare mu, Ya tsare masu tsaron mu, Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa.