Kafin Ka Sauya Fad ɗin Birkin Motarka Mai Gudu, Duba Waɗannan Abubuwa

Masu motoci irin su Golf GTI, BMW M3 ko Mercedes C63 sun fi yawan hira kan ƙarfin inji da daƙiƙa nawa mota ke ɗauka ta kai gudun 100. Ba kasafai ake zancen yadda za ta tsaya ba, alhali ran direba da na masu tsallaka titi na rataye ne a kan wasu 'yan falle biyu da ke matse faifan kowace taya, waɗanda kanikawa ke kira fad.

Aikin birki shi ne mayar da gudu zafi. Mota mai nauyin kilo 1,600 da ke gudun kilomita 120 a awa, idan aka tsayar da ita cak, zafin da zai fita ya isa ya tafasa ruwa kusan lita uku. Kuma idan gudu ya ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi. Saboda haka tambayar farko wajen zaɓen fad ita ce: a wane irin zafi zai riƙa aiki?

Iri uku da ke kasuwa

Akwai fad na oganik, mai laushi, marar ƙara, mai araha, amma yana saurin cinyewa kuma yana sakin faifai idan ya ɗau zafi. Akwai mai haɗin ƙarfe, wanda ke jure zafi da kama faifai sosai, sai dai yana baƙanta rim da ƙura, yana kuma cin faifai. Na uku shi ne na siramik, irin wanda kamfanin Akebono na Japan ya yi suna a kai: shiru, ƙura kaɗan, ya dace da zirga-zirgar yau da kullum, amma ba a yi shi don azabar filin tsere ba.

Tarkon fad ɗin tsere

Nan ne da yawa ke asarar kuɗi. Mutum ya ga an rubuta "na tsere" a kwali, sai ya ɗauka ya fi kowanne. Fad ɗin tsere na gaske sai ya yi zafi sosai yake kamawa yadda ya kamata. Da sassafe, ka fito daga gida birki a sanyaye, yaro ya faɗo titi, a wannan takun farko yana iya gaza fad ɗin da motar ta zo da shi. Ga kuwwa a cikin cunkoso, ga gurje faifai.

Abin da ya dace da titi shi ne matsakaici: mai kamawa tun yana sanyi, mai jure taku da yawa a jere. Hawk HPS da EBC Redstuff na wannan rukuni ne. Ferodo DS2500 da EBC Yellowstuff sun ɗan fi karkata ga mai matsa wa mota lamba, tare da ƙarin ƙura da ƙara.

Karanta lambar da ke jikinsa

Kamar yadda ba ka sayen waya sai ka duba bayanan furosesa da batir, shi ma fad yana da nasa. A gefensa ko bayansa sau da yawa za ka ga haruffa biyu, kamar EE, FF ko GG. Na farko ƙarfin kamunsa ne a matsakaicin zafi, na biyu kuma a zafi mai yawa. E na nufin 0.25 zuwa 0.35, F 0.35 zuwa 0.45, G 0.45 zuwa 0.55. Ga mota mai gudu, nemi FF ko GG. Idan ka ga FE, ka san ƙarfinsa raguwa yake yi da zarar ya yi zafi.

Duba kuma alamar ECE R90. Ƙa'idar Turai ce da ta wajabta kada aikin fad ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100. Tunda jabu ya yi yawa a kasuwannin kayan gyara, ka saya da lambar shasin motarka, kuma ka yi hattara da Brembo mai arahar da ta wuce hankali. Araha ba ta ado.

Fad kaɗai ba ya isa

Taya ce ke riƙe kwalta. Idan ta sude, ABS zai shiga da wuri, komai tsadar fad ɗinka. Sai man birki: DOT 4 sabo yana tafasa ne daga digiri 230, amma idan ya sha danshi yana iya sauka zuwa 155, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Kada ka haɗa shi da DOT 5, wanda na silikon ne. Faifai ma yana da mafi ƙarancin kaurin da aka hatimta a jikinsa. In ya kai nan, a canza shi tare da fad. Motocin da birkin ajiyewarsu na maɓalli ne kuwa, yawanci sai an sa su a yanayin gyara ta na'urar OBD kafin a taɓa na baya, in ba haka ba a lalata ƙaramin injin da ke ciki.

Bayan an ɗaura

Sabon fad na bukatar sabawa da faifai. A hanyar da ba kowa, ka kai gudun 90, ka taka da ƙarfi har zuwa 15 ba tare da ka tsaya cak ba, kamar sau takwas. Sannan ka yi tafiyar mintuna kaɗan ba taka birki don ya huce. Idan kamfanin ya rubuta nasa tsarin a kwali, shi za ka bi. Wannan ke shimfiɗa siririn fad a fuskar faifai daidai wa daida, ya hana sitiyari rawa daga baya.

Daga nan, duk lokacin juyen mai ka sa a leƙa kaurinsa. Ya sauka zuwa milimita 3, kada ka jira ƙarar ƙarfe kan ƙarfe.