Gobarar Kasuwanni: Wa Ya Tabbatar Wutar Lantarki Ce?

Duk lokacin da gobara ta cinye wata kasuwa a yankinmu, tun hayaƙi bai lafa ba za ka ji an ce wutar lantarki ce ta haddasa. Mu da ke aikin rediyo mun sha jin wannan magana daga bakin jami'ai da 'yan kasuwa da 'yan kallo. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne: wa ya duba wayoyin, kuma da wane ilimi ya duba?

Asarar ba ƙarama ba ce. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai 1987. Ƙaramar kasuwar birnin ta bi sahu a 2012. A Nijeriya babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002, ta Sabon Gari da ke Kano kuma a 2016, inda dubban shaguna suka salwanta. A Gana, kasuwar gwanjo ta Kantamanto da ke Akara ta tashi da wuta a farkon 2025. Kowace da nata dalili, amma matuƙar ba a gano takamaiman dalilin gobara ba, to ana iya sake gina kasuwa da irin lahanin da ya ƙone ta.

Ko shakka babu lantarki na tayar da gobara. Akwai lodin da ya fi ƙarfin waya, kamar a rataya firji da fanka da dutsen guga a soket guda. Akwai haɗi mai sako-sako, wanda ke yin zafi har ya yi ja ba tare da fiyus ya yanke ba, domin wutar da ke bi ba ta wuce ƙima ba. Akwai kuma abin da kowa ya sani: a ɗauke wuta da rana, mai shago ya rufe ya tafi bai kashe kayansa ba, a dawo da ita tsakar dare. Yanzu ga janareta da batiran sola sun ƙaru. Amma a kasuwa guda ɗin akwai garwashin mai shayi, da man fetur a jarka, da guntun taba, da kuma mai mugun nufi.

A nan ne horo ke da amfani, domin waya ƙonanna tana iya ruɗar wanda bai san ta ba. Jan ƙarfen da ke cikin waya ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 1,085, alminiyom kuwa a wajen digiri 660. Saboda haka narkakken alminiyom ba hujja ba ce, gobara kaɗai na iya narkar da shi. Jan ƙarfe kuwa, idan wayoyi biyu masu wuta suka haɗu suka yi tartsatsi, sukan bar ɗan ƙullutu mai santsi kamar ƙwayar gero. Da an tsinci irin wannan ƙullutu sai a ce an gano bakin zaren.

To amma akwai lauje cikin naɗi. Gobarar da ta tashi daga garwashi ma, idan ta iso kan waya mai wuta ta ƙone robar da ta lulluɓe ta, wayoyin za su haɗu su bar irin wannan ƙullutu. Ke nan wayar na iya zama ita ta jawo gobarar, ko kuma gobarar ce ta ci ta. Masana sun daɗe suna gwaje-gwaje, kuma sun nuna cewa duba ƙullutun da ido ba ya raba wannan gardama. Abin da yake tabbatarwa kawai shi ne akwai wuta a cikin wayar lokacin da abin ya faru. Wannan ma ba ƙaramin bayani ba ne: idan kamfanin lantarki ya nuna an ɗauke wutar unguwar a daren, sai mai bincike ya koma neman janareta ko batir.

A Amurka, ƙungiyar kare gobara ta NFPA ta fitar da littafin jagoran binciken gobara mai lamba 921 a 1992, ana kuma sabunta shi lokaci-lokaci. Ƙa'idarsa ita ce a fara gano inda wutar ta tashi, sannan a nemi abin da ya kunna ta, a gwada kowane zato da shaidar da ke ƙasa. Bugun 2011 ya yi watsi da ɗabi'ar yanke hukunci a kan wani dalili don kawai ba a ga wani ba. Idan babu shaida, mai bincike ya rubuta cewa ba a gano dalili ba. Wannan ya fi a ɗora wa lantarki laifi don a huta.

Horon da muke magana a kai ba na mayar da ɗan kwana-kwana injiniya ba ne. Abin nema shi ne ya iya bin waya daga mita zuwa soket, ya san kaurin waya da lodin da za ta ɗauka, ya duba ko an musanya fiyus da guntuwar waya, ya ɗauki hoto kafin a taɓa komai, ya kuma san lokacin da ya kamata ya kira ƙwararre. Horon na kare ransa ma, domin wutar gidajenmu ta kai bolt 220 zuwa 230, faifan sola kuwa yana ci gaba da ba da wuta muddin rana na dukansa, ko da ginin ya ƙone.

Bugu da ƙari akwai matsalar da ta fi kusa da mu. Kafin gari ya waye, masu tsintar ƙarafa sun kwashe wayoyi sun kai ma'auni, masu shaguna kuma, cikin ɗimuwa, sun share toka suna neman abin da ya saura. Ba a ga laifin mai neman dukiyarsa ba, amma da wayoyin ne shaidar ke tafiya. Ya kamata shugabannin kasuwa su amince a killace wurin da ake zaton wutar ta taso, ko da na yini guda ne.

Wanda rashin bincike ke cuta shi ne talaka. Mai gyaran wutan da ya ja waya a layin yana iya rasa sana'arsa a kan laifin da bai yi ba. Maigadi ko mai shayi na iya kwana a hannun hukuma bisa zato. Wanda ya cinna wuta da gangan kuwa ya samu mafaka, tunda an riga an ce lantarki ce. Batun diyya da inshora ma ya rataya a kan rahoton.

Ba sai an je nesa neman malamai ba. Kamfanin NIGELEC a Nijar yana da injiniyoyi, hukumar NEMSA a Nijeriya aikinta ne duba ingancin haɗin lantarki, ga kuma makarantun koyon fasaha a manyan garuruwanmu. Abin da muke kira gare shi shi ne a haɗa su da 'yan kwana-kwana, kowace jiha ta samu ko da mutum biyu da suka iya karanta ƙonanniyar waya, a kuma riƙa bayyana wa jama'a sakamakon bincike. Hunturu na zuwa kowace shekara, kada a bari kullum sai ihu bayan hari. Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, Ya kare mu baki ɗaya.