Layi Biliyan Tara, Mutum Biliyan Takwas: Abin da Illela Ke Faɗa Game da Ƙidayar Wayoyin Duniya

Duk shekara Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, mai hedikwata a Geneva, takan fitar da alƙaluman yawan layukan wayar salula da ke aiki a kowace ƙasa. A 2023 ta ce layukan sun kai biliyan 8.9, alhali 'yan Adam gaba ɗaya ba su daɗe da haura biliyan 8 ba, wato layi 111 ga kowane mutum 100. Ƙasar Sin na da sama da biliyan 1.7, Indiya sama da biliyan 1.1. A Hong Kong lissafin ya kusa layi uku ga kowane mutum, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa wajen biyu. Da waɗannan alƙaluma ake jera ƙasashe, wannan ta yi gaba waccan ta yi baya, kuma da su ministoci ke bugun ƙirji a taro. Ra'ayina shi ne wannan ma'auni ya gama aikinsa, har ya fara ɓatar da mu. A wurare irin namu, yawan layi sau da yawa yana auna yawan shingen da ke tsakanin mutum da wanda yake son kira ne, kuma babu inda hakan ya fito fili kamar garin Illela da ke bakin iyakar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar.

Abin da ake ƙirgawa katin sim ne. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, tana ɗaukar layi a matsayin mai aiki idan an yi wata hulɗar da ta kawo wa kamfani kuɗi da shi cikin kwana 90. Ba ta tambayar aljihun wa yake. Ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, wadda ke ƙoƙarin ƙirga mutanen su kansu, ta ce masu layi a 2023 mutum biliyan 5.6 ne, kashi 69 cikin 100 na al'ummar duniya, a Afirka kudu da Sahara kuwa kashi 44 kacal. Tazarar da ke tsakanin 111 da 69 ba ƙarama ba ce. Kamar a ƙirga hulunan gari ne domin a san yawan jama'arsa: mai hali yana da goma a rataye, wani tasa ɗaya ce, matan garin kuwa ba su shiga lissafin ba sam. Shi ya sa a jadawalin 2022 Nijeriya ta fi Kanada yawan layi a kan kowane mutum 100, kuma babu mai hankalin da zai ce manomin Gwadabawa ya fi mazaunin Toronto samun sadarwa.

Illela tana da nisan kilomita tamanin da 'yan kai arewa da birnin Sakkwato, kuma Birnin Ƙonni na jihar Tawa yana kallonta daga ɗaya ɓangaren, tafiyar 'yan mintuna a kan babur. Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, aure ya sarƙe gidaje. Ranar Lahadi kasuwar Illela ke ci, dabbobi na gangarowa kara daga Adar da gaba da ita, ranar Laraba kuma a koma ta Ƙonni. Albasar Galmi, hatsi, wake, kayan masarufi, canjin naira da sefa, duk a kan waya cinikinsu ke farawa kafin mota ta tashi. Amma a idon kamfanin waya, dillalin da ke Illela idan ya kira abokin cinikinsa a Ƙonni, kiran ƙasar waje ya yi, daga lambar ƙasa 234 zuwa 227, kuma da farashin ƙasar waje za a cire masa kuɗi. Wanda ya kira Kalaba, mai nisan fiye da kilomita dubu, kiran gida ya yi. Maganin da jama'a suka samo wa kansu sananne ne: layin Nijeriya a rami ɗaya na waya, layin Nijar a ɗaya ramin, MTN ko Airtel ko Glo a nan, Moov ko Zamani ko Airtel ta Nijar a can. Mutum ɗaya ne, amma NCC ta ƙirga shi a Abuja, takwararta ta Nijar, ARCEP, ta ƙirga shi a Yamai, ITU kuma ta haɗa duka biyun ta ce duniya ta ƙara ci gaba. Layinsa na biyu bai ƙara masa komai ba sai ɗawainiya: kati biyu zai saya, lamba biyu zai raba wa mutane, rajista biyu zai yi, kuma idan wayar ta ɓata asara biyu ce.

Iyaka ta ƙara wa abin tsanani ne kawai, domin ko a cikin gida haka muka taso da shi. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, kuma a watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Glo ta shigo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa, Etisalat a 2008. Tun daga lokacin, kiran layin wani kamfani ya fi tsada a tsare-tsare da yawa, sabis ɗin wannan yana kamawa a cikin gari ya ɗauke a gona, na wancan yana da arhar data amma murya na yankewa. Sai mutane suka koyi riƙe layi biyu ko uku. Kamfanin da ke ƙera Tecno da itel ya fahimci wannan da wuri, ya cika kasuwannin Afirka da waya mai sim biyu, ya kuma ci riba mai yawa. A 2013 an ba da damar mutum ya sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba, amma hakan bai kashe al'adar ba, tunda matsalar ba ta lamba ba ce. Mutum bai yarda cewa layi ɗaya zai ishe shi duk inda ya shiga ba, kuma yana da gaskiya.

Wanda ke shakkar raunin waɗannan alƙaluma ya dubi abin da ya faru a 2024. A watan Maris NCC ta ce layuka miliyan 219 ke aiki a Nijeriya. Bayan cikar wa'adin ƙarshe na haɗa layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, aikin da aka fara tun Disamban 2020 zamanin minista Isa Ali Pantami, da kuma binciken da hukumar ta yi a kan ƙidayar kamfanoni, adadin ya faɗo zuwa wajen miliyan 154 a watan Satumba. Layi sama da miliyan 60 suka ɓace cikin wata shida. An toshe wa bayin Allah da dama layinsu na gaskiya, kuma sun sha wahalar bin layi a ofisoshin rajista, amma babu wanda zai ce mutum miliyan 60 ne suka daina waya. Akasarin abin da ya zube lambobi ne da dama can babu kowa a bayansu, ko layi na uku da ke kwance a aljihun tebur. Ɗaya ɓangaren lissafin ma haka yake rawa. Har zuwa farkon 2019 hukumar tana raba yawan layi ne da mutum miliyan 140 na ƙidayar 2006. Da ta koma miliyan 190, sakamakon ya sauko daga sama da 120 zuwa wajen 91 ga mutum 100 a cikin wata guda, ba tare da an kashe waya ko ɗaya ba. Ƙasar da rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006 ya kamata ta yi taka-tsantsan da duk wani adadi da ake cewa "a kan kowane mutum ɗari".

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda babban adadin ke rufewa. Binciken lafiya da yanayin jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 81 cikin 100 na maza ne ke da wayar kansu, mata kuwa kashi 55, kuma wannan matsakaicin ƙasa baki ɗaya ne, har da Legas da Abuja a ciki. A ƙauyukan gabashin Sakkwato, matar da sai ta jira maigida ya dawo kasuwa kafin ta gaisa da mahaifiyarta, layi uku da ke aljihunsa sun cike mata gurbi a jadawali. Haka garin da babu ƙarfen sabis, inda ake hawa tudu ko bishiya a nemi sanda ɗaya. NCC da kanta ta bayyana cewa a 2022 akwai yankuna 97 da sabis bai wadace su ba, masu ɗauke da mutum wajen miliyan 27, duk da asusun USPF da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa domin irin waɗannan wurare. Sai kuma Satumban 2021, lokacin da aka katse sadarwa a Zamfara, sannan a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Layin da ya yi wata guda ko biyu a mace yana nan a rubuce a matsayin mai aiki, tunda kwana 90 ba su cika ba. Jadawali bai san an yi ba, jama'a ne suka sani.

Za a ce, to ai duk da haka adadin yana nuna ci gaba. Wannan gaskiya ne, kuma ba abin rainawa ba ne. Kafin 2001 layukan NITEL ba su wuce dubu ɗari huɗu da wani abu ba a ƙasar gaba ɗaya, kuma bafataken Illela sai ya aika yaro ko ya hau mota kafin ya san farashin rago a Legas. Daga wancan hali zuwa yau juyi ne babba, kuma a shekarun farko kusan kowane sabon layi sabon mutum ne, don haka ƙirga layi ya yi daidai da ƙirga jama'a. Amma tun da sim ya tashi daga dubban nairori ya koma kusan kyauta, dangantakar ta yanke. Yanzu adadin zai iya ƙaruwa saboda sabis ya lalace, ya kuma ragu saboda abubuwa sun gyaru. Ma'aunin da ke hawa idan mutane sun ƙara shan wahala bai dace a riƙa yanke hukunci da shi ba.

Wasu kuma za su ce WhatsApp ya riga ya rushe iyakar, kiran Ƙonni da kiran Kano duk data ce. Ga mai babbar waya a cikin gari, haka ne. Amma GSMA ta ce a 2023 kashi 27 cikin 100 ne kawai na mutanen Afirka kudu da Sahara ke shiga intanet ta waya. Makiyayin da ke koro shanu da ƙaramar waya mai ajiye caji kwana huɗu ba ya cikinsu, kuma bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da aka amince wa kamfanoni a Janairun 2025, data ma ta ƙara nisa da talaka.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro. Masu ita suna cewa sauƙaƙa kira tsakanin ƙasashen biyu sauƙaƙa wa ɓarayi ne. Ba na raina wannan tsoro, domin jinin da aka zubar a Sabon Birni da Isa da Goronyo na 'yan uwanmu ne. Sai dai a dubi abin da ya faru a 2021: rahotannin lokacin sun nuna cewa a yankunan iyaka, 'yan bindigar da aka katse sabis dominsu sun koma amfani da layukan Nijar, tunda sabis ba ya tsayawa a shingen kwastan. Tsarin da ke tura dubban mutanen kirki su riƙe layin ƙetare shi ne ke ba mugu wurin ɓuya, domin layin Nijar a aljihun mutumin iyaka ba abin tuhuma ba ne, kowa na da shi, kuma ba ya cikin rumbun NIN. Da a ce layi ɗaya mai rajista yana aiki a ɓangarorin biyu da farashi mai sauƙi, kuma hukumomin biyu suna musayar bayanai bisa doka, da bin sawu ya fi sauƙi.

Hanyar kuwa ba sabuwa ba ce. Tun 2007 kamfanin Celtel ya shigar da Nijeriya da Nijar cikin tsarinsa na layi ɗaya a ƙasashe da yawa, abin da ya nuna cewa na'ura ba ita ce matsalar ba. Kenya da Ruwanda da Yuganda sun fara nasu tsarin bai ɗaya a 2014, Tarayyar Turai ta soke ƙarin kuɗin ƙetare iyaka da layi a Yunin 2017. ECOWAS ma ta zartar da irin wannan ƙa'ida a Disamban 2017, amma sai a 2023 Gana da Kodibuwa suka fara aiwatarwa a tsakaninsu. Na san za a ce siyasa ta ɓaci: juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, da ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025. Amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun sa hannu a kan soke kuɗin ƙetare iyaka da layi a tsakaninsu a ƙarshen 2024, wato Yamai ba ta ƙi tsarin ba. Kuma abin da Gana da Kodibuwa suka yi yarjejeniya ce ta ƙasa da ƙasa. Nijeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai ofishi a Yamai, ga iyaka mai tsawon kilomita wajen 1,500 da Hausawa da Fulani da Barebari ke zaune a duka gefenta.

Kira na ga NCC shi ne ta riƙa wallafa yawan mutanen da ke da layi, jiha-jiha, maza da mata, tunda NIN ya ba ta damar sanin haka, ta kuma zauna da ARCEP a kan farashin kira tsakanin ƙasashen biyu. 'Yan majalisar da ke wakiltar Illela da Gada da Jibiya da Maigatari su ɗauki maganar zuwa Abuja, domin mutanensu ne ke biyan kuɗin ƙasar waje kafin su gaisa da surukansu.