Kwamfuta A Cikin Aljihu

Hausawa sun ce komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Haka abin yake ga filash, ɗan abin nan da muke sokawa a jikin kwamfuta domin kwashe takardu da hotuna. Yawancinmu mun san shi a matsayin rumbun ajiya kawai, amma yana iya tayar da kwamfuta ɗungum.

Kowace kwamfuta tana bukatar babbar manhaja, kamar Windows ko Linux, wadda ke sarrafa allo da madannai da sauran manhajoji. A bisa al'ada tana zaune ne a faifan ajiya na ciki. In an kunna na'ura, wani ƙaramin shiri da ke jikinta, BIOS ko UEFI, shi ne ke neman inda babbar manhajar take. Idan muka danna maɓallin zaɓi da wuri, sau da yawa F12 ko Esc, za mu iya umurtarsa ya duba filash maimakon faifan ciki. Daga nan manhajar sai ta hau ƙwaƙwalwar wucin gadi, wato RAM, ta kama aiki.

Wannan dabara tana da tarihi. Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ya ƙirƙiro irin wannan ma'ajiya a shekarun 1980. Mahaɗin USB ya fito a 1996, filash na farko kuma ya shiga kasuwa a 2000, wanda IBM ya sayar yana ɗaukar megabait 8 kacal. A shekarar ce kuma Klaus Knopper na Jamus ya fitar da Knoppix, wato Linux mai tashi daga faifan CD ba tare da an girka shi ba. Da filash ya ƙara girma, sai aka mayar da dabarar kansa. Microsoft ma ya kawo Windows To Go a 2012, amma ya janye shi a 2020.

Mene ne amfaninsa gare mu? Na farko, idan Windows ya ƙi tashi alhali sakamakon jarrabawa ko rajistar ikilisiya na ciki, za a iya tayar da na'urar da Ubuntu daga filash a kwashe takardun, muddin faifan bai mutu ba kuma ba a kulle shi da sirri ba. Na biyu, da tsohuwar zuma ake magani. Microsoft ya daina kula da Windows 10 na kowa da kowa a Oktoba 2025, amma ƙananan manhajoji irin su Puppy Linux suna tafiyar da tsofaffin na'urori lafiya lau. Na uku, ɗalibin da ba shi da kwamfuta zai iya yawo da LibreOffice ko Firefox a filash ta hanyar PortableApps.

Shirya shi ba wuya. A samo filash mai gigabait 8 ko fiye, a sauko da fayil ɗin ISO daga shafin masu manhajar, a rubuta shi da Rufus ko Ventoy. Amma a lura, wannan aiki yana goge duk abin da ke cikin filash ɗin. Haka kuma abin da aka rubuta yakan ɓace da zarar an kashe na'ura, sai in an ware wurin ajiya na dindindin tun farko. Filash ya fi faifan ciki nawa, kuma yawan rubutu yana tsufar da shi.

Ya ku ɗalibai, rigakafi ya fi magani. Filash yana yaɗa cutar kwamfuta. Ta hanyarsa Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta shiga masana'antar nukiliya a Iran. Kada mu soka wanda muka tsinta, kada mu tayar da na'urar wani ba da izininsa ba, kuma mu riƙa ajiye kwafin aikinmu a wuri na biyu.