Fim da Ɗan Abin Hannu a Garin Kaduna

Shirinmu na musamman a yau zai tsaya ne cikin garin Kaduna, ɓangaren da ke arewa da kogi, daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, daga Malali zuwa Tudun Wada da Rigasa. Za mu duba wata sana'a da matasa ke yi da ɗan abin da ke hannunsu, wato shirya ƙananan finafinai, waɗanda babu babban kamfani ko wani attajiri a bayansu. Ku biyo mu.

(KIƊA)

Idan aka ce fim ɗin Hausa, Kano ce ke fara zuwa zuciyar mutum, kuma ta cancanta. A can aka yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, a can kuma babbar kasuwar kaset ta kasance. Sai dai kafin kaset ɗin bidiyo ya shigo, Kaduna ta daɗe tana ɗaukar hoto mai motsi. Nan ce hedkwatar tsohuwar gwamnatin Jihar Arewa, gwamnatin da ke da sashen shirya finafinai da motocin majigi masu zagaya garuruwa da ƙauyuka. Dattawanmu ba su manta da fim ɗin Baban Larai ba. A wannan aikin ne marigayi Adamu Halilu ya goge, kafin ya ɗauki littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya mayar da shi fim a 1976.

A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna, kuma nan wasan kwaikwayon Hausa ya sami gidan zama. Marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya kawo rayuwar bariki cikin ɗakunan mutane da shirin Samanja Mazan Fama. Marigayi Kasimu Yero ya yi shirin Karambana. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Pategi kuma, wato Samanja, a 2023, dukansu a nan Kaduna. Waɗannan bayin Allah sun yi aiki da kayan gwamnati, a ɗakin ɗaukar shiri na gwamnati, akwai injiniyan sauti, akwai mai kula da fitila, kuma ƙarshen wata akwai albashi, ko da bai taka kara ya karya ba. Ku riƙe wannan batu na albashi, za mu sake haɗuwa da shi.

Da zamanin bidiyo ya zo, Kaduna ba ta zauna kallo ba. Fim ɗin Wasila na Yakubu Lere, wanda Wasila Isma'il da Ali Nuhu suka fito a ciki, ya shiga kusan kowane gida a Arewa. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999 ita ma a Kaduna ta yi zamanta. Sannan a 2007, lokacin da hukumar tace finafinai ta Kano, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni ta kuma tsaurara dokoki, 'yan fim da yawa sun kwaso kyamarorinsu sun dawo Kaduna. Garin ya karɓe su, ya ba su gidaje da tituna suka ci gaba da aiki.

A wancan zamani lissafin ƙaramin furodusa a fili yake. Ya gama fim, ya kai wa 'yan kasuwa, a buga kaset ko faifan CD, a sayar, a ba shi rabonsa. Akwai zalunci a ciki, akwai satar fasaha, amma dai kuɗi yana da hanyar dawowa. Wayar hannu ta toshe wannan hanya. Masu shagunan tura finafinai a waya suka cika unguwanni, mutum ya ba da 'yan canji a loda masa finafinai cike da waya, wanda ya zuba jarinsa kuwa ko sisi ba ta isa gare shi. Kasuwar faifai ta mutu a kan idonmu. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta buɗe wata ƙofa da finafinai masu dogon zango irin su Daɗin Kowa, daga baya YouTube ya buɗe wata, musamman bayan da Izzar So ya nuna cewa Bahaushe zai zauna kowane mako yana jiran ci gaban labari a wayarsa.

To, a kan wannan ƙofa ta YouTube ne yawancin matasan Kaduna ke tsaye yau, kuma ya kamata mai sauraro ya san yadda take. Kafin tasha ta fara samun kason kuɗin talla daga dogayen bidiyo, sai ta tara mabiya 1,000, sannan a kalle ta na tsawon sa'o'i 4,000 cikin shekara guda. In ta cika sharaɗi, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar ne nata, kuma ba a turo kuɗin sai sun kai dala 100. Ga wata kuma: tallar da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ko Nijar ba ta kai darajar wadda ake nuna wa na Amurka ko Ingila ba. Shi ya sa za ka ga fim ya tara dubban masu kallo, jama'a na ta yi wa furodusa barka, shi kuwa a ransa ya san bai mayar da kuɗin man janareta ba.

(KIƊA)

Bari mu shiga lokeshan, mu ga inda kuɗin ke tafiya. Kyamara ba ita ce babbar matsala ba yanzu. Ana haya, ana aro, kuma wayoyin zamani suna ɗaukar hoton da masu fim na 1990 ba su taɓa samun irinsa ba. Wuraren ɗauka ma Kaduna ba ta rasa su ba: ga tsofaffin gidajen gwamnati masu itatuwa a Unguwar Rimi, ga bakin kogi a Gamji inda tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru take, ga cunkoson Kasuwar Barci, ga lungunan Unguwar Shanu. Abin da ke cin kuɗi shi ne abinci, da mota, da mai, da kwanaki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowace awa da janareta zai yi yana aiki ta zama abin lissafi. Jarumi ɗaya ya makara, mutum goma sha suna zaune, rana tana tafiya, gobe kuma sai an sake ciyar da su.

Abin da ya fi damuna, a matsayina na mai aiki da murya, shi ne sauti. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ya kasa jin abin da ake faɗa, ya tafi. Ga janareta yana ruri a bayan katanga, ga Keke Napep suna wucewa, ga mai talla yana kira, makirfo ɗin kuma na jikin kyamara ne, can nesa da bakin mai magana. Ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga, da doguwar waya da za ta kai janareta nesa, da mutum ɗaya da ba shi da aikin komai sai saurare da abin ji a kunnensa, waɗannan sun fi sabuwar kyamara amfani ga fim mai ƙaramin jari. Haka rubutu. Shi ne mafi arha a duk harkar, biro ne da takarda da zama, amma shi aka fi yi wa gaggawa. Sau da yawa sai an isa lokeshan ake tsara abin da za a faɗa. Labarin da aka rubuta da sanin aljihu, mai ɗakuna biyu da mutum huɗu, yana iya ƙarewa cikin 'yan kwanaki, ya kuma fi wanda aka cika da gidan attajiri da motocin aro kama zuciya.

Duk da haka ana yin finafinan, kuma abin da ke riƙe da su shi ne mutunci. Wannan ya ba da falon gidansu, wancan ya ba da mota, ƙanwar darakta ta dafa shinkafa da wake, edita ya ce a kawo in an samu. Wannan zumunci abin alfahari ne, ba don shi ba da babu fim ko ɗaya. Amma akwai waɗanda yake cutarwa, kuma su ne ba a gani a fosta: yaron da ke riƙe fitila, mai riƙe sandar makirfo, yarinyar da ke yi wa 'yan wasa kwalliya, mai kula da kontiniti da ke tuna wace hula jarumi ya sa jiya. Idan kuɗi ya shigo, fitaccen jarumi ake fara sallama, domin fuskarsa ce ke jawo masu kallo. Su kuwa sai a ba su kuɗin mota da alkawarin fim na gaba. Bayan shekara biyu ko uku, mai riƙe makirfon da ya fara ƙwarewa ya yi aure, ya koma sayar da kayan waya, sai a ɗauko sabon yaro a fara daga farko. A nan ne bambanci yake da zamanin su Samanja. Injiniyan gidan talabijin yana shekara ashirin a kan aiki ɗaya saboda ana biyansa, hannunsa ya faɗa, ya koyar da na baya. Ni a ganina, duk furodusan da zai fara aiki ya zauna da kowa tun kafin a kunna kyamara, a rubuta abin da za a ba shi, ko kuɗi ne hannu ko kaso ne daga abin da fim ya samo, kowa ya sa hannu. Yin haka bai rage zumunci da komai ba.

(KIƊA)

A tsallaken kogi akwai misalin da duk Kaduna ke alfahari da shi. Wasu yara 'yan uwan juna da suka kira kansu The Critics sun fara shirya gajerun finafinan kimiyyar ƙirƙira da wayar da gilashinta ya tsage, da koren ƙyalle da suka tara kuɗi suka saya, da manhajar Blender wadda kyauta ce, suna koyon siddabarun hoto daga intanet. A 2019 labarinsu ya zagaya duniya, a 2020 kuma J.J. Abrams, daraktan nan na Amurka, yana cikin waɗanda suka aiko musu da kayan aiki. Abin lura shi ne, kafin kowa ya san su sun shafe shekaru suna aiki tare, kowa da ɓangarensa. Kuma bai kamata matashin da ke Badarawa ko Unguwar Dosa ya jira sai wani ya gan shi daga Amurka ba.

Wane tallafi ne zai iya samu a gida? Akwai bikin finafinai na ƙasa da ƙasa na Kaduna, KADIFF, da Israel Kashim Audu ya fara a 2018, inda ake nuna finafinai ana kuma ba da horo. Akwai ƙungiyar MOPPAN ta masu shirya finafinai. Akwai Hukumar Finafinai ta Najeriya a Jos, wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairun 2024, da makarantarta. Duk suna da amfani. Amma biki sau ɗaya ne a shekara, Jos kuma tafiya ce. Abin da ƙaramin mai fim ke buƙata a kowane mako ya fi wannan kusa. Matasa biyar ko shida za su iya yin adashi su sayi fitilu da na'urar ɗaukar sauti, su ajiye a wuri ɗaya, kowa ya ɗauka ranar aikinsa ya biya ɗan abin gyara. Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suna da ɗaliban aikin jarida da ke neman inda za su gwada abin da suka karanta, masu fim kuma suna neman hannu. Gidajen talabijin na garin za su iya ware rabin awa a mako don gajerun finafinan 'yan gari, su biya ko da kaɗan ne, maimakon su nemi mai fim ya biya su.

Sai wurin nunawa. Gidajen kallon ƙwallo suna nan a kowace unguwa, da allo da benci da janareta, kuma akwai ranakun da babu wasa. Makarantu suna da ɗakunan taro. Idan aka nuna gajeren fim a irin wannan wuri da yamma, da tsari na mutunci, aka tanadi wurin zaman mata da yara, aka karɓi ɗan kuɗin shiga, to darakta zai sami abu biyu da YouTube ba ya ba shi: kuɗi a hannu a daren, da fuskokin mutane, ya ga inda suka yi dariya da inda suka fara duba wayoyinsu.

Kai kuma mai sauraro, naka kason ba shi da wuya. In ka ga fim ɗin yaran unguwarku, ka kalle shi a tashar da suka ɗora shi, kada ka karɓa a wurin mai turawa. In kana da shago ko gidan abinci, ka ba su talla su sa a farkon shirin, ka biya. In sun nemi aron gidanka na yini guda, ka karanta labarin, ka ga abin da za su yi, in ya kwanta maka ka ba su. Iyayen 'yan mata masu sha'awar harkar kuma su sani cewa akwai rubutu, akwai tace hoto, akwai tsara sutura, ba fitowa a allo kaɗai ba ne aikin fim, kuma suna da haƙƙin su tambayi wane ne furodusa, ina lokeshan, ƙarfe nawa za a tashi.

Jama'a, a nan za mu dasa aya a shirin na yau.