Babi na Bakwai: Daga Lamba Zuwa Suna

Idan baƙo ya yi sallama a zaure da dare, maigida kan ce "Wane ne?" kafin ya zare sakata. Kwamfutocin intanet ma haka suke yi wa juna. Tsarin DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a 1983, an fi saninsa da karɓar suna ya fito da lamba. Yana kuma da aiki na biyu: a ba shi lamba, ya faɗi sunan mai ita.

Juya lambar ake yi. Adireshin 192.0.2.10 sai ya koma 10.2.0.192.in-addr.arpa, a nan ake ajiye rijistar PTR mai ɗauke da sunan. Dalilin juyin kuwa, lamba daga babban yanki take farawa ta gangaro, suna kuma daga ƙarami yake hawa.

To, wa ke riƙe da alƙalamin wannan rijista? Mai lamba ne, ba mai suna ba. A Afirka, hukumar AFRINIC da ke tsibirin Moris ce ke raba lambobi ga kamfanonin intanet, haɗe da ikon kula da rijistarsu. Kai da ke biyan kuɗin layi ɗan haya ne. Ko ka sayi suna naka na kanka, sai kamfani ya rubuta maka shi ko ya damƙa maka ikon. Abin ba wasa ba ne, domin tun Fabrairun 2024 Gmail ya sharɗanta wa masu aiko masa da wasiƙa su mallaki PTR ingantacce. Wanda ba shi da shi, wasiƙarsa na iya komowa ko ta faɗa kwandon shara.

A cikin gida zancen daban ne. Lambobi irin su 192.168.1.5 na cikin gida ne kawai, babu mai amsarsu a waje. Don haka na'urar da ke raba intanet a gidan ita ya kamata ta amsa tambayarsu. In ba ta yi ba, tambayoyin kan fice waje a banza, har sai da aka kafa shirin AS112 don ya riƙa tare su.

Sabon tsarin lambobi na IPv6 kuwa ya ƙara wa kamfanoni nauyi. Kaso ɗaya da ake ba gida yana da adireshi 18,446,744,073,709,551,616, ba mai iya rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Wasu kamfanonin kan sa na'ura ta ƙago suna a take, wasu su miƙa wa mai gidan ragamar. Ko ta wace hanya, muradin ɗaya ne: in an ce "Wane ne?", a ji amsa ta gaskiya.